Babi Na Biyar: Kunne Ya Girmi Alƙalami

Gajeren labarin farko da na rubuta da niyyar a buga, gwaggona na fara karanta wa. Ba ta yi boko ba, allon ma ba ta yi nisa ba aka yi mata aure, amma ita kaɗai ce a gidan take da lokacina bayan la'asar. Tana zaune kan tabarma a inuwar darbejiya, faifai a cinya tana tsince shinkafa, ni kuma ina tsugune gefe da littafin rubutuna na makaranta. Shafi biyu suka wuce lafiya. A na uku na iso inda yarinyar labarin take gaya wa mahaifiyarta ba ta son mijin da aka zaɓa mata. Na gyara murya na karanta: "Mahaifiyata, ina so in bayyana miki ra'ayina dangane da wannan batu na aure."

Gwaggo ta ɗago kai. "Wace ce wannan kuma?"

"Yarinyar ce, Gwaggo. Da uwarta take magana."

"Uwar da ta haife ta?"

"Ita fa."

"To ko a gidan rediyo aka yi goyonta?" Ta jefar da tsakuwa ɗaya, ta ci gaba da tsinta. "Kai ɗan nan, 'yar da aka yi wa tarbiyya ai ba ta buɗe baki a kan wannan. Kuka za ta yi ta yi, ta ƙi cin tuwo, har uwar ta gaji ta tura ƙanwarta ta bugi cikinta. Ci gaba, ina jin ka."

Ban ci gaba ba, kuma ba zan ɓoye ba, na ji haushi. Jimlar nan ba ta da kuskuren nahawu ko ɗaya. Da malamin Hausa na kai wa, da maki zai ba ni. Amma Gwaggo ba nahawu take aunawa ba. Muryar yarinyar ta saurara, ta ji ba ta san ta ba, ba ta taɓa gamuwa da irinta a gidan biki ko bakin rijiya ba. Bayan shekaru, da na shiga bin abin da manyan marubutanmu da mawaƙanmu suka faɗa game da sana'arsu, a hirarraki da littattafan tarihinsu da cikin ayyukan nasu kansu, sai na riƙa cin karo da Gwaggo a kowace kwana. Mai alƙalami da mai kalangu, duk gaban alƙali ɗaya suke kai ƙara, wato kunne.

Dalilin farko yana cikin harshen kansa. Hausa tana da karin sauti, kuma tsawon wasali yana sauya ma'ana, amma rubutun bokon da muke yi bai nuna ko ɗaya daga cikinsu ba. Rubuta "kukan da kuka ji a gindin kuka", ka ga kalma uku da ido yake ɗauka 'yan uku ne, alhali a baki ko dangi ba su haɗa ba. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi, haruffansu ɗaya. Tun ƙa'idojin rubutu da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, har zuwa shigowar haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1930, an bar wannan kaya a kan mai karatu. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya sa alamomin sauti, amma jarida da littafin hira ba su ɗauka ba. Don haka Bahaushe ba ya karatu da ido zalla. Ko bakinsa a rufe yake, akwai wata murya a cikin kansa da take ɗora wa kowace gaɓa sautinta kafin ma'ana ta fito. In aka gina jimla ba bisa numfashin Hausa ba, wannan muryar ce take tuntuɓe, mai karatu ya koma baya ya sake ɗaukowa, in ya yi haka sau uku a shafi ɗaya ya ajiye littafin ya ce ba daɗi. Da wuya ya iya gaya maka abin da ya hana daɗin.

A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa shawo kansu bai zo da sauƙi ba. A wurin malamin wancan zamani, tawada ta addini ce da ilimi, ƙirƙirar labari kuwa aikin tsofaffin mata ne da yara bayan an ci tuwon dare. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin. Abin da ya daɗe yana ba ni sha'awa shi ne dabarar da suka yi don su samu ƙofar shiga wannan baƙon aiki. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja a gaban taro yake ba da labarinsa, bayan zuwan Koje Sarkin Labari. Shaihu Umar almajiransa yake ba tarihinsa. Ganɗoki ma bakinsa muke ji, yana zayyana yaƙe-yaƙensa. An ba su takarda, sai kowannensu ya shimfiɗa tabarma a kanta, ya zaunar da mai magana, ya tara masa masu sauraro, sannan alƙalami ya yarda ya tafi.

Imam yana ɗan shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Midil ta Katsina. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya, ya yi kimanin wata shida, ya fito da Magana Jari Ce, littafi uku. Bai taɓa ɓoye cewa ya yi aro ba. A tarihin rayuwarsa, wanda Abdurrahman Mora ya tace aka buga a 1989, shekara takwas bayan rasuwarsa, ya faɗi yadda aka tara masa littattafan Larabawa da na Turawa da na Gabas ya karanta kafin ya fara. Akwai Dare Dubu da Ɗaya a ciki, akwai tatsuniyoyin Jamusawa, shi kansa akun mai hana ɗan sarki fita da daɗin labari asalinsa daga Indiya yake. Labarin Sarkin Busa da muka karanta a firamare muna rantsuwa a wani gari kusa da namu aka yi shi, na wani gari ne a Jamus mai suna Hamelin. Ba wanda ya ji warin baƙunta a jikinsa, domin Imam bai fassara jimla ba. Ya karanta, ya rufe littafin, ya tambayi kansa yadda wani dattijo mai bakin magana zai faɗe shi a ƙofar fada, da rantse-rantsensa da karin maganarsa da 'yar dariyar ƙeta.

A cikin tarihin nasa ya ambaci wasu dokoki da East ya koya masa, ciki har da cewa kada ya bar mugu ko macuci ya yi nasara a ƙarshen labari. Masu nazari suna son kawo wannan, amma ni a ganina ita ce mafi ƙarancin amfani cikin abin da Imam ya sani, kuma Malam Zurƙe ɗan Muhamman na Ruwan Bagaja shaida ne cewa alƙalaminsa ya fi rawa in ya samu ɗan iska. Ainihin bayaninsa kan sana'a yana cikin Magana Jari Ce ɗin kanta. A littafi na ɗaya labari makami ne, aku yana riƙe ɗan sarki Musa da shi dare bayan dare don ya tsirar da ransa. A na biyu labari ya zama gasa, ana kara Aku da Haziƙ, akun Sarkin Sirika, a gaban masu hukunci. A na uku kuwa makaranta aka buɗe: Waziri Aku ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa yadda ake ba da labari, yana gwada shi, yana yi masa faɗa in ya yi shirme. Marubucin da ya fi kowa tasiri a zuben Hausa, wanda ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a Janairun 1939, da ya tashi nuna mana malamin adabi sai ya zaɓi tsuntsun da ba shi da hannun riƙe alƙalami, baki kawai gare shi.

Mawaƙan baka su ne suka fi kowa wahalar tambaya. Duk wanda ya saba jin hira da su a rediyo ya san amsar. A ce, "Alhaji, yaya kake shirya waƙa?" Ya ce baiwa ce daga Allah. Mai tambaya ya ce haka ne, a wuce. Ba ƙarya suka yi ba, amma amsar tana kama da ta maƙerin da aka tambaya sirrin lauje ya ce wuta ce. In kana son jin abin da mawaƙi yake tunani game da aikinsa, kada ka tsaya a hira, ka nemi bakandamiyarsa, waƙar da yake juyowa ya wasa kansa. Ta Ibrahim Narambaɗa ta Sarkin Gobir na Isa Amadu ce, amma wani babban kaso nata a kan Narambaɗa ne da gwanintarsa. A cikinta ne ya ɗora waƙarsa a sikeli ɗaya da ta Alfazazi, mutumin Andalus mai Ishiriniya, wanda ya rasu a 1230. Ka dubi girman wannan da'awa. Makaɗin kotso, wanda wasu malamai ba za su so ya zauna kan buzunsu ba, yana cewa abin da yake yi ilimi ne mai ma'auni kamar na shaihin madahu. Kuma ta ina Ishiriniya ta shiga jinin Bahaushe? Ta kunne, a daren Mauludi, daga bakin masu ja da masu amsawa, da yawansu ba su taɓa riƙe littafin ba.

Na taɓa kwana uku a wani ƙauye a ƙasar Zamfara ana saura mako guda Sallah, masaukina yana jikin zauren wani makaɗin kotso. Ba shi da suna a rediyo, hakimin yankin kawai yake yi wa waƙa. Bayan isha'i mutanensa suka taru, su shida, fitila ɗaya a tsakiya. Shi ya kawo gindin waƙar, layi biyu, ya rera a hankali ba kiɗa. Suka karɓa. Ya sake, suka sake, har na daina ƙirgawa. Can wani dattijo daga cikin 'yan amshin, mai ƙaramar murya, ya ɗaga hannu ya ce, "Maigida, wagga kalma ba ta zamna ba." Ba wanda ya tambaye shi dalili. Aka ɗauko kotso ɗaya aka buga layin, kowa ya ji inda kalmar take ɗingishi, gaɓarta ta yi tsawo ta hau kan bugun da ba nata ba. Aka kawo wata, ta zauna a kiɗa amma wani ya ce da ita aka yi wa hakimin da ya gabata kirari, kada a ce an ba wannan kwance. Aka kawo ta uku. Daren farko kaf a kan layi biyun nan ya ƙare. A dare na uku waƙar ta yi 'ya'ya bakwai, ba a rubuta ko harafi ba, kuma in jagora ya fara layi ya sake shi a tsakiya, sai su cafe su ƙarasa kamar da bakinsa.

Wannan shi ne tsarin makaɗan fada irin su Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, kuma duk wanda ya saurari faifansu da kyau zai ji shi. 'Yan amshinsu ba maimaita gindi kawai suke yi ba, suna yin ƙari, suna karɓe rabin magana su kai ta gida. Hakan ba ya yiwuwa sai an zauna an shirya, an haddace, an goge. Abin da gidan buga littafi yake kira tacewa, su sun daɗe suna yin sa a zaure, kuma editansu ya fi namu tsanani, don shi ma da bakinsa zai fita gaban sarki, in kalma ta karye shi ma ya ji kunya.

Mamman Shata ya bi wata hanya, kuma ya sha faɗin ta da alfahari: bai gaji waƙa ba, ba wanda ya koya masa, ba ya zama ya shirya. An haife shi a Musawa a 1923, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, ya rasu a 1999 da digirin girmamawa na Jami'ar Ahmadu Bello a hannu. Labaran yadda ake nuna masa abu ya waƙe shi nan take sun cika littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006. Mutane suna jin wannan su ce to ga wanda bai san wahalar gyara ba. Ni ban yarda ba. Saurari yadda ƙungiyarsa take aiki. 'Yan amshin Shata ba sa ƙarasa masa layi, gindi ɗaya suke riƙe da shi, gajere, suna dawo da shi kamar guga. Duk lokacin da suke amsawa, shi yana da 'yan daƙiƙu na numfashi da tunani, kalangu kuma yana riƙe masa awo. Ya gina wa kansa tsarin da zai ba shi damar ƙirƙira a tsaye. Sannan ba daga iska yake ɗebowa ba. Yana da rumbu cike da kirari da sunayen garuruwa da asalin gidaje da salon zambo da ya tara a dubban darare, ga maroƙa a gefe suna jefo masa sunan wane ɗan wane. Gyaran nasa a fili yake yi, gaban jama'a. Layin da ya sa aka yi guɗa aka taso da liƙi zai dawo gobe a wani gari, wanda ya faɗi ƙasa ba a kula ba ya tafi ke nan. Shi ya sa za ka ji waƙa ɗaya tasa a ɗauka biyu ta bambanta. Wanda ya ji ta farko da ta bayan shekara goma ya ga daftari da bugu na biyu.

Ɗanmaraya Jos bai ma nemi 'yan amshi ba. Kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, wanda ake yi da gwangwanin kifi a rufe da fata, shi ne abokin shawararsa, kuma ƙarancin kayan ya koya masa taƙaitawa. Karen mota da mai akwai da babu da rigimar miji da mata, kowanne ya ba shi 'yan mintoci ya sallame shi.

Sai mu zo kan waɗanda muke kira marubuta waƙa, inda sunan kansa yake ruɗar mutane. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne tun yana ƙarami. Imfiraji, wadda ta kai ana buga ta littafi-littafi ana karantawa a jami'a, bai taɓa ganin baiti ɗaya nata a takarda ba. A ka ya tsara ta, da baki ya fitar, wasu suka rubuta. Masana sun nuna karinta yana da alaƙa da kiɗan caji, kiɗan shagali da ya cika gari a zamaninsa. Wato malamin ya ji abin da kunnen mutane ya riga ya kamu da shi, ya ɗauke muryar ya ɗora mata wa'azin mutuwa da hisabi da yabon Annabi. Kuma ba shagon littattafai ne ya yaɗa ta ba, makafi ne masu bara suka kai ta ƙofa-ƙofa da tasha-tasha. Tun kafin shi Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta san wannan hanya: waƙoƙinta jajis suke haddacewa su kai wa mata 'yan taru a ƙauyuka. Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu duk sun rubuta, wasu da ajami wasu da boko, amma a wurinsu waƙa ba ta cika ba sai an rera ta. Ƙungiyoyin Hikima da Hausa Fasaha a Kano gidan rediyo ne dandalinsu. Wanda ya karanta Fasaha Aƙiliya a takarda kawai ya ga ƙwarangwal. Sai ka ji Aƙilu da muryarsa yana jan amsa-amo, yana wasa da kalma ɗaya ta fuska uku, kafin ka gane me ya sa ya yi wa masu gurɓata harshe waƙar Hausa Mai Ban Haushi. Mutumin da yake auna kowace gaɓa da harshensa dole gurɓatacciyar jimla ta yi masa zafi kamar tsakuwa a shinkafa.

Da littattafan soyayya suka ɓarke a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, aka yi ta musu a jaridu ko adabi ne ko kayan kasuwa, har sunan Adabin Kasuwar Kano ya bi su. Masu suka sun duba takarda mai araha da kurakuran rubutu da rabon kalmomi, kuma sun ga abin da suka gani. Abin da ba su saurara ba shi ne maganar da ke ciki. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, ba ta zo wa rubutu ta ƙofar jami'a ba. Amma buɗe Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, ka ji Rabi da Delu da Alhaji Abdu. Habaicin tsakar gida ne da gorin kuɗin cefane da irin shirun da mace take yi wanda ya fi zagi, abubuwan da zuben Hausa bai taɓa ɗauka da wannan kusanci ba, domin mazan da suka rubuta littattafan farko a zaure suka tsaya. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, samari sun haddace wasiƙunsa suna kai wa zance. Littattafan nan da yawa a bayyane aka karanta su, ɗaya tana karantawa huɗu suna saurare ana tsifar kai, gidajen rediyo kuma suka buɗe filayen karanta su. Yau abin ya koma YouTube da wayar hannu, tela yana taka keke littafi yana zuba a kunnensa. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ma, labaran da suka yi fice karanta su ake yi a iska.

To amma kada in yi wa kunne waƙar da ba zambo a ciki. Kunne yana son maimaici, yana yafe zagaye-zagaye, domin abin da ya wuce ya wuce, ba ya iya komawa shafin baya ya ga an riga an faɗa. Takarda ba ta da wannan haƙuri. Na karanta littafin da gaisuwa kaɗai ta ci shafi biyu, an tambayi gajiya da yara da sanyi da mutan gida, kowa ya amsa, sannan wata ta shigo aka sake daga farko. Na karanta inda aka lissafa kayan lefe akwati-akwati har na manta wa za a aura. Labarin da zai ƙare a littafi ɗaya a ja shi zuwa na huɗu, a da don ɗan kasuwa ya sayar sau huɗu, yanzu don a samu abin turawa zauren WhatsApp kowane dare. Marubutan nan kunnensu lafiya lau, abin da suka rasa shi ne dattijon nan mai ƙaramar murya da zai ɗaga hannu ya ce ba ta zamna ba. Narambaɗa yana da 'yan amshi, Imam yana da East a Zariya suna ja-in-ja a kan daftari, Shata yana da filin da zai yi masa shiru in ya yi sanyi. Mai rubutu a waya da tsakar dare ba shi da kowa sai masu turo masa "Allah ya ƙara basira, muna jiran ci gaba."

Ɗaya cutar kuma ita ce tawa, ta 'yan boko. Mu mun iya yankewa, mun san tsari, amma mun koyi Hausar rubutu daga labaran da aka fassara cikin gaggawa a ɗakin watsa labarai. Mutanen labaranmu ba sa cewa, sai dai su bayyana cewa. Ba sa yin abu, sai su gudanar da shi. Komai dangane da wani abu yake, kowane motsi wani mataki ne na. A bakin mai karanta labaran ƙarfe bakwai wannan yana da uzuri, agogo yana bin sa. A bakin yarinya da uwarta a ɗaki kuwa, shi ne abin da Gwaggo ta ji ta tambayi inda aka yi goyonta. Cikin cututtukan biyu, ta farko ta fi sauƙin magani. Mai surutu ana iya ba shi almakashi. Wanda kunnensa ya toshe sai ya koma ya zauna cikin mutane ya yi shiru na wani lokaci, a tasha, a gidan suna, a layin awo, wurin da ba wanda ya san marubuci ne balle a gyara masa magana.

Labarin nan da na karanta wa Gwaggo kuwa, na yi mako biyu ban taɓa shi ba. Da na koma, na cire jawabin yarinyar gaba ɗaya. Na sa ta kwana biyu tana mayar da kwanon tuwo yadda aka kawo shi, uwar tana gani tana kawar da kai, a rana ta uku ta aika a kira ƙanwarta daga unguwar da take aure. Na kai inda ƙanwar uwar ta shiga ɗakin ta saki labule ta zauna bakin gado, sai na tsaya, don ban san me za ta ce ba. Haka na kai wa Gwaggo. Ranar wake take gyarawa. Na karanta har inda rubutun ya ƙare, ba ta ɗago ba ko sau ɗaya.

"Sai ta ce mata me?"

"Nan na tsaya, Gwaggo. Ban san abin da za ta ce ba."

Ta yi tsaki, ta ture faifan gefe. "Ai ba tambayar ta za ta yi ba. Kanta za ta kama ta ce, wannan kitson naki ya tsufa, zo in tsefe miki. In ta juya mata baya ba sa ganin idon juna, maganar za ta fito da kanta." Ta miƙo hannu ta ƙwanƙwasa littafin da ɗan yatsa. "Rubuta mana, ka tsaya kana kallona."

Na rubuta a gefen shafin da fensir, a karkace, yadda ta faɗa. Da labarin ya fito, editan ya taɓa kusan kowane sakin layi, ya bar wannan yadda yake.